Layinmu Ya Lalace: Wa Zai Gyara, Kuma da Kuɗin Wa?

Filin Tambaya da Amsa

Tun da ruwan Agusta ya kankama, yawancin saƙonnin da ke shigo wa wannan fili kukan hanya ne. Mun tsamo biyar muka miƙa wa masu amsa mana tambayoyin wannan fanni, wato injiniyoyin hanya da masana kasafin kuɗin ƙananan hukumomi. Mun taƙaita wasiƙun saboda ƙarancin wuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Tsakanin garinmu da bakin kwalta kilomita huɗu ne. Hanyar burji ce, ta cinye, layukan cikin gari kuwa da damina sai an naɗe wando. Mun je sakatariya an ce aikin jiha ne, mun je wajen ɗan majalisa ya ce na ƙaramar hukuma ne. Don Allah ta wa ce?
Daga wani manomi a kudancin Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Hanyoyin ƙasar nan gida uku aka kasa su. Akwai na gwamnatin tarayya masu haɗa jiha da jiha, irin ta Kano zuwa Zariya, ko wadda ta bi ta Wudil ta nufi Maiduguri. Ma'aikatar ayyuka ta tarayya ke gina su, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke yi musu faci. Akwai na jiha, galibi masu haɗa hedikwatar wata ƙaramar hukuma da wata, waɗanda hukumar gyaran hanyoyi ta jiha ke gyarawa, wato KARMA a Kano, JIRMA kuma a Jigawa. Duk abin da ya saura, hanyar ƙauye da layin unguwa, na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya faɗa ƙarara cewa ginawa da kula da hanyoyi, tituna, fitilun kan titi da magudanan ruwa aikinta ne, har da raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba.

Inda ake samun ruɗani shi ne idan jiha, ko wani shiri na tarayya, ya taɓa shigowa ya zuba wa hanyar burji ko kwalta. Da an gama aka tashi, ƙaramar hukuma sai ta ce ai hanyar ta koma hannun jiha, jiha kuma ba ta sa ta cikin jerin nata ba. Irin wannan ce ke zama marainiya. Ku rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma takarda, ku nemi sashen ayyuka ya amsa muku a rubuce ko hanyar tana cikin jerin hanyoyinsu. In suka ce ba ta ciki, wannan amsar ita ce shaidar da za ku kai ma'aikatar ayyuka ta jiha. Maganar baki a farfajiyar sakatariya ba ta shiga fayil.

TAMBAYA: Kullum muna ji a rediyo an raba wa ƙananan hukumomi kuɗi daga Abuja. Ina kason hanya yake shiga? Ko akwai wani kaso da doka ta ware wa gyaran layuka?
Daga wata malamar firamare a gabashin Jigawa

AMSA: Malama, a rabon da ake yi a Abuja babu kason da aka rubuta wa suna gyaran layi. Kuɗin dunƙule suke zuwa, kasafin shekara ne ke yanka su.

Ga yadda suke tahowa. Daga asusun tarayya, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. A harajin kayan masarufi kason ƙananan hukumomi kashi 35 ne. Daga cikin ƙananan hukumomin nan 774, Kano na da 44, Jigawa 27. Shekara da shekaru kuɗin ba sa faɗawa hannun ciyaman kai tsaye, sai sun biya ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada. A can ake cire albashin malaman firamare irinki, da na ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, da kason masarauta, da gudummawar ayyukan haɗin gwiwa. Titunan kilomita biyar-biyar da aka fara a ƙananan hukumomin Kano a zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu suna cikin irin waɗannan ayyuka, kuma da dama daga cikinsu sun ɗauki shekaru ba a kammala ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai dai aiwatar da hukuncin ya yi ta samun jan ƙafa. Ko da an tura ɗin ma, albashi ne zai fara cin nasa.

Kuɗin shiga na cikin gida kuwa ba su taka kara sun karya ba a karkara. Haraji da jangali Abubakar Rimi ya soke su a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Kano. Kuɗin gidaje da doka ta ba ƙaramar hukuma damar karɓa, da wuya ka ga ana karɓarsa a ƙauye. Abin da ya rage shi ne rasit ɗin kasuwa, tasha, mayanka da lasisin shaguna. Ƙaramar hukumar da ke da babbar kasuwa, irin ta Maigatari ran Alhamis ko ta Wudil ran Juma'a, tana da inda za ta kama. Wadda ba ta da ita, sai abin da ya zo daga sama.

Amma babban ciwon a fasalin kasafin yake. Sabuwar hanya tana shiga ɓangaren manyan ayyuka, da sunanta da adadin kuɗinta, ana kafa mata allo, ana yanka zare. Yasar magudana, toshe rami da bi da gireda sau ɗaya a shekara kuwa yawanci a kuɗin gudanarwa ake cusa su, tare da man janareta da alawus ɗin tafiye-tafiye. In wata ya yi tsanani, su ake fara taɓawa, don ba wanda zai zo sakatariya ya yi zaman dirshan a kan magudana. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisar tarayya, waɗanda aka daɗe ana ware wa naira biliyan 100 a shekara, su ma ginawa suke yi su wuce, ba sa zuwa da kuɗin kulawa. Haka aka yi da hanyoyin hukumar raya karkara ta DFRRI na zamanin Babangida daga 1986: an buɗe su da yawa, damina kaɗan ta mayar da wasunsu turba. Shirin hanyoyin karkara na RAAMP, na Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, wanda aka amince da shi a 2020 kuma Kano ke ciki, ya gane wannan gurbi, shi ya sa yake matsa wa jihohi su kafa asusun hanya na musamman da hukumar kula da hanyoyin karkara. A ganinmu wannan sharaɗin ya fi kilomitocin da shirin zai gina muhimmanci.

TAMBAYA: An yi wa maƙwabtanmu hanya, mu da muka fi su yawa an tsallake mu. Da wane ma'auni ake zaɓa? Kuma yaya za mu yi a sa tamu?
Daga sakataren wata ƙungiyar ci gaban gari a arewacin Kano

AMSA: Malam Sakatare, ma'auni biyu ne, na takarda da na siyasa, kuma ba za mu ce maka na biyun ba ya aiki ba. Garin da ya fitar da kansila mai bakin magana, ko akwatinsa ya yi nauyi ranar zaɓe, yakan sha gaba. Sai dai na takardar ma yana da tasiri, musamman inda kuɗin masu ba da lamuni ne, domin su sai sun ga lissafi.

Injiniya yana duba mutum nawa hanyar ke yi wa hidima, har da ƙauyukan da ke bayanku masu bi ta cikinku. Yana duba ko tana kaiwa kasuwa, asibiti ko makaranta, da irin amfanin gonar da ke fita ta kanta. Hanyar da ke fitar da tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan ta fi ta gero gaggawa, don gero zai jira rani a rumbu, tumatir ba ya jira. Yana duba wata nawa take yankewa a shekara. Sannan ya raba kuɗin aikin da yawan masu amfana. A nan ake kayar da garuruwa da yawa ba su sani ba: in hanyarku na buƙatar gada, ko ramin burji ya yi nisa, ko sai an biya diyyar gonaki da gidaje, kuɗin kowace kilomita zai haura, maƙwabcinku mai hanya a kan tudu ya wuce ku ko da kun ninka shi yawa.

Shawararmu, ku daina roƙon kwalta. Ku bi hanyar da ƙafa bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, ku auna wuraren da mota ke maƙalewa. Sau tari a hanyar kilomita huɗu, abin da ke yanke ta bai wuce wuri biyu ko uku ba, wataƙila mita ɗari uku gaba ɗaya. Takardar da ta ce a sa kwalbati biyu a wuri kaza da kaza, a ɗaga mita ɗari uku da burji, ciyaman zai iya sa mata hannu daga abin da ke gabansa. Wadda ta ce a yi kwalta kilomita huɗu sai dai ya ce za a duba.

Lokaci ma yana da nasa. Shekarar kasafi daga Janairu take zuwa Disamba, kuma sassa kan haɗa buƙatunsu tun daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Wanda ya kai kuka a Fabrairu ya tarar an rufe littafi. Ku sa tsawon hanyar, adadin gidaje, sunayen ƙauyukan da ke bin ta, hotunan waya masu kwanan wata, da abin da gari zai bayar, misali ramin burji kyauta ko alkawarin ba za a nemi diyyar gefen gona ba. Mai unguwa da dagaci su sa hannu, a ba hakimi kwafi, a ba kansila, a ba ɗan majalisar jiha, a kuma buga muku hatimin karɓa a naku kwafin. Bayan an zartar da kasafin, ku nemi ganin layin da sunan hanyarku yake. In babu sunanta, alkawari kawai aka yi muku.

TAMBAYA: Mun gaji da jira, mun yi karo-karo za mu gyara layinmu da aikin gayya. Tsawonsa mita 100, faɗinsa mita 5. Bara mun zuba ƙasa, ruwa ɗaya ya tafi da ita. Tifa nawa za mu saya, kuma me muka yi ba daidai ba?
Daga wani mai unguwa a yammacin Jigawa

AMSA: Ranka ya daɗe, kafin a kira mai tifa, a fara tambayar ina ruwan layin zai tafi. Hanya kamar rufin soro take: komai kaurin daɓen, in ba indararo, sai ya zauna ya ci ta. Ku fita ana cikin ruwa ku ga ta inda yake shigowa da inda yake son fita, ko kududdufi ne, ko rafi, ko babbar magudana. In mafitar ta toshe, ko wani ya yi gini a kanta, wannan za a fara warwarewa a zauren dagaci, in ba haka ba kuɗinku ruwa za ku bai wa.

Sai magudana a gefe biyu, zurfin kamar santimita 30 zuwa 40, bakinta a buɗe da gangare, kada a yanke ta a tsaye don za ta rufta. A fara haƙa daga mafita a hauro sama, ta haka ba za a bar kwarin da ruwa zai kwanta ba. Tiyon awon ruwa na magina da igiya da turaku sun isa a fitar da gangaren: faɗuwar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. In layin mai gangare ne sosai, a jera duwatsu a gicciye cikin magudanar jefi-jefi don su karya gudun ruwan, kada magudanar ta zama kwazazzabo.

Na biyu, doron hanya. Dole tsakiya ta fi gefe tudu, kimanin santimita 5 a kowace mita. A layi mai faɗin mita 5, tsakiyar za ta ɗara gefe da santimita 12 zuwa 13. Mafi yawan aikin gayya a nan yake faɗuwa, ana baje ƙasa sumul kamar tsakar gida, ruwa ya kwanta a sawun taya, rami ya fara.

Ga lissafin burji. Ana son kaurin santimita 15 bayan daɓe. Mita 100 sau 5 sau 0.15 ya ba da mita kubik 75. Burji a sake yana raguwa in an daɓe shi, don haka ku sayi wajen 95 zuwa 100, ku baje shi da kaurin santimita 20. In tifar mai ɗaukar kubik 10 ce, sawu 10 ke nan, in ƙarama ce mai 5, sawu 20. Kada ku yi ciniki da sunan tifa kawai. Ku sa tef ku auna tsawo, faɗi da zurfin bodin, ku ninka, ku kuma sa mutum ya tsaya yana duba cikar kowane sawu.

Ba kowace jar ƙasa ce burji ba. A jiƙa ɗan kaɗan a murza a tafin hannu. In ya miƙe siriri kamar zare bai karye ba, yumɓu ya yi yawa, zai yi santsi da damina. In ya wargaje ya ƙi haɗuwa, rairayi ne, iska da taya za su kwashe shi. Mai kyau shi ne mai tsakuwar marmara gauraye da 'yar ƙasa mai danƙo, kuma duk dutsen da ya fi santimita 5 a fasa shi ko a tsame. A arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari, ƙasar rairayi ce, kuɗin ɗauko burji kan fi kuɗin burjin kansa. A fadamun Haɗeja kuwa, irin su Auyo da Guri, baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, can sai an ɗaga hanya sama da inda ambaliya ke kaiwa, kuma wannan ya fi ƙarfin karo-karon unguwa.

Daɓe shi ne rabin aikin. A yayyafa ruwa har in an dunƙule burjin a hannu ya riƙe siffarsa ba tare da ruwa ya tsattsafo ba. In da halin hayar rola, ta bi sau shida zuwa takwas, daga gefe zuwa tsakiya. In babu, a zuba kankare a bokitin fenti a kafa masa ƙota, a samu madaɓi mai nauyin kilo 10, a yi shimfiɗa biyu, a daɓe ta farko kafin a zuba ta biyu. Tifar da ke kawo kaya ma ta riƙa sauya sawu tana bi da lodinta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, ƙasa na da sauran laima. A tsakiyar rani sai kun sayi ruwan tanka, in kuma aka daɓe a bushe gargada za ta fito cikin 'yan makonni.

Abu biyu a kiyaye. Kada a cike rami da shara ko ɓaraguzan gini masu leda da tsumma, ruɓewa suke su lotsa. Kada kuma a ɗaga layi ya fi dokin ƙofar gidaje, domin ruwan zai koma zaure, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, gyaran hanya ya zama rushewar gida. In layin ya riga ya yi tudu, a kankare tsohuwar ƙasar tukuna.

Inda ruwa zai tsallaka layin, a sa kwalbati da faɗin bakinsa bai gaza santimita 60 ba, don ƙaramin bututu ba ya yasuwa in ya cika da yashi. A rufe shi da ƙasa daɓaɓɓiya aƙalla santimita 45, a yi masa katangar kai a gefe biyu. Kwaɓin kankare buhun siminti ɗaya, kwanon sarki huɗu na yashi, takwas na tsakuwa, a yi ta ba shi ruwa kwana bakwai, a kuma hana manyan motoci hawa har ya yi mako huɗu.

Batun karo-karo, a rubuta komai a littafi, mutum uku su riƙe sa hannu. Mai shago, mai injin niƙa da mai motar haya su fi gidan zama biya, a ɗauke wa gwauraye mata da marasa ƙarfi. A sanar da sashen ayyuka a rubuce kafin a fara, a roƙi aron gireda in suna da mai aiki, ku ku zuba mai. Kuma a bar wani abu a asusun, don burji na zaizayewa santimita ɗaya zuwa uku a shekara, ga yasar magudana kowane watan Mayu kafin ruwan fari.

TAMBAYA: An yi mana kwalta, damina ɗaya ta fara ɓarewa. Laifin ɗan kwangila ne ko namu?
Daga wata 'yar kasuwa a gabashin Kano

AMSA: Hajiya, duba yadda ta lalace. In saman ne ke ɗayewa kamar ɓawo, ƙasan kuma da ƙarfinsa, to an zuba kwaltar a kan ƙura ko laima, ko an yi rowar man share fage da ake fesawa kafin ta. In tsagewa ta yi gida-gida tare da lotsawa, daɓen ƙasan ne bai yi ba, ko ruwa ya shige ta ta gefe. Waɗannan na ɗan kwangila ne. Naku kuwa shi ne zuba shara da yashin gini a magudana, sakin ruwan wanka kan titi, da baƙin mai ko gas da ke zuba a wurin makanikai, don yana narkar da kwalta. Sai manyan motoci: in nauyin da ke kan ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da hagu ya ninka biyu, ɓarnarsa kan ninka kusan sau 16, shi ya sa tifofin yashi kaɗan kan gama da titin da aka yi don ƙananan motoci da babura.

A ƙa'idar kwangila akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila, galibi kashi 5 cikin ɗari, har wa'adin gyaran aibi ya cika, wata shida zuwa shekara guda bayan miƙa aiki. Duk abin da ya ɓaci a cikin wa'adin, shi zai gyara da kuɗinsa. Ku duba allon aikin ku ga hukumar da ta ba da kwangilar, ku kai mata takarda da hotuna yanzu, kafin a sake masa ragowar. Ramukan da suka buɗe kuma a toshe su da burji mai laima a daɓe, kada a zuba yashi, har masu faci su zo su yanke bakin ramin kusurwa huɗu su cike shi da kwalta.